Tattalin Numfashi Ga Mawaƙi Da Malamin Makaranta

Nufina in yi wa 'yan'uwa bayani a kan wani abu da kowa ke yi dare da rana amma kaɗan ne suka iya sarrafa shi, watau numfashi. Kowane ɗalibin kolejin nan, ran da ya fita, shi zai ja yara waƙa a taron safe, kana ya shiga aji ya yi ta magana har azahar. Manomi yana da fartanya, maɗinki yana da keke, malamin makaranta kuwa muryarsa ita ce kayan aikinsa, daidai da mawaƙi. Ran da ta dushe, aiki ya tsaya. Abin da na ke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: ƙarfin murya daga numfashi ya ke fitowa, kuma wanda ya nemi ƙarfin a maƙogwaronsa zai kashe muryar tun da sauran ƙuruciyarsa.

Inda na ga abin da idona

Na yi 'yan shekaru ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya ta 'yan'uwanmu Hausawa a Anacha, a unguwar da su ke kira Hed Birij, watau bakin gada. Gadar ita ce wadda ta ƙetare Kogin Kwara ta haɗa Anacha da Asaba. An gama ta a 1965, tsawonta ya kusa mil guda. An buɗe ta biyu a 2023, can ƙasa da ta farkon. A gindin tsohuwar gadar akwai kasuwanni da tashoshin mota, akwai masallaci, akwai mutanenmu fatake da mahauta da 'yan dako. Irin wannan zama na Hausawa akwai shi a Inugu da Fatakwal, ba kuwa sabon abu ba ne, don a shekarun 1950 ma wani mutumin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ya zama magajin garin Inugu na farko. Waɗansunku, in Allah ya yarda, neman abinci zai kai ku waɗannan wurare, don kullum ana neman malamai ga 'ya'yan da aka haifa can.

To, a bakin gada mutum ba ya jin maganar na kusa da shi sai da ƙyar. Manyan motoci na ruri, ana ta oda, injin wuta na kuka a bayan kowace rumfa. A nan na lura da mutane iri biyu masu cin abinci da murya. Na farko yaran tasha masu kiran fasinja. Za ka ga jijiyoyin wuyansu sun miƙe kamar igiya, kafaɗu na hawa suna sauka, kafin la'asar murya ta koma kamar ana goga ƙarfe a dutse. Na biyu wani dattijon ladan. In wuta ta ɗauke ya kan yi kiran salla ba lasifika, a ji shi har cikin rumfuna, wuyansa kuwa a sake, kafaɗunsa ba sa motsi. Abin da ke motsi a jikinsa shi ne rigarsa daga wajen kwiɓi, ta buɗe, sa'an nan ta koma a hankali. Ya haura saba'in, muryarsa garau. Bambancin da ke tsakaninsa da yaran nan shi zan yi ƙoƙarin warwarewa.

Yadda murya ke samuwa

Ku tuna da maƙera. Maƙeri ba ya hura wuta da bakinsa, zugazugi gare shi, yaro na danna shi da hannu, iska na bi ta bututu ta isa ga gawayi. Jikin ɗan Adam ma haka ya ke. Huhu shi ne fatar zugazugin, amma huhu ba shi da tsoka, ba ya iya buɗe kansa. Abin da ke buɗe shi wata tsoka ce mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki, siffarta kamar ƙwarya a kife. Likitoci suna kiranta dayafaram, ni kuwa zan kira ta faifan ciki. Sa'ad da za ka shaƙi iska, faifan nan ya kan sauka ƙasa, ya tura kayan ciki, shi ya sa tumbi ke fitowa waje, haƙarƙarin ƙasa kuma ya buɗe gefe da gefe. Da wuri ya samu a ƙirji sai iska ta faɗa ciki da kanta. Kada wani ya zaci iskar cikin tumbi ta ke shiga. Huhu kaɗai ta ke shiga, fitowar tumbi alama ce kawai ta cewa faifan ya sauka.

Mutum baligi in yana zaune lafiya ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kowane ja kamar rabin lita. Amma huhun namiji ƙosasshe yana ɗaukar kusan lita 6. Ashe ke nan ɗan kaɗan mu ke taɓawa daga cikin rumbun da aka ba mu.

A saman bututun iskar, daidai wurin ƙashin nan da ya turo a wuyan maza, akwai waɗansu 'yan leɓɓa guda biyu, tsawonsu bai kai inci guda ba. In za a yi magana ko waƙa sai su haɗu, iska ta taso daga ƙasa ta ratsa tsakaninsu, su yi ta karkarwa. Na namiji su kan buɗe su rufe kamar sau 120 a daƙiƙa guda in yana magana, na mace kuwa sau 200 ko fiye. Wannan karkarwa ita ce asalin murya, baki da hanci su ke gyara ta ta zama kalma. Wani malamin waƙa mutumin Sifen, Manuwel Garsiya, ya yi dabarar ganin nasa leɓɓan a 1854 da ɗan madubin masu gyaran haƙori da hasken rana. Daga dabararsa likitoci suka sami hanyar leƙa maƙogwaro.

Yanzu ku auna. Ga tsokoki manya a ciki da kwiɓi da gadon baya, ga 'yan leɓɓa ƙanana kamar farce. Wa ya kamata ya ɗauki kaya? Yaron tasha 'yan leɓɓan ya ke ɗora wa. Yana shaƙar iska kaɗan a saman ƙirji, ta ƙare nan da nan, sai ya matse wuya don ya tatso sauran. Leɓɓan na ta bugun juna da ƙarfi, yau da gobe sai su kumbura, daga bisani su yi kanta irin ta hannun mai sassabe. Likitocin maƙogwaro sun san wannan ciwo ƙwarai, malaman makaranta da mawaƙa kuwa suna cikin waɗanda ya fi kamawa.

Akwai kuma wani tarko a wuri mai hayaniya. Wani likita Bafaranshe mai suna Lambar ya bayyana a 1911 cewa mutum ya kan ɗaga murya ba da saninsa ba muddin ƙara ta kewaye shi. Saboda haka malamin da ajinsa ke kallon titi zai wuni yana ihu, shi kuwa a ganinsa magana kurum ya ke yi.

Ja abu ne mai sauƙi, saki shi ne aiki

Mutane da yawa sun ɗauka gwanintar mawaƙi ita ce ya cika huhu fam. Ba nan gizo ke saƙa ba. Huhun da ya cika kamar salka ce da aka ɗura wa ruwa, da ka sake bakinta sai ya tuttulo gaba ɗaya. Mawaƙi kuwa so ya ke iskar ta fito kaɗan-kaɗan, da ƙarfi iri ɗaya, daga farkon ɗango har ƙarshensa. Don haka a farkon ɗango aikinsa riƙewa ne: ya bar haƙarƙarinsa a buɗe kamar mai ci gaba da shaƙa, kada ƙirji ya rufta. In iska ta yi rabi, sai tsokar mara ta soma matsowa ciki a hankali tana rakiyar sauran. Mawaƙan Italiya suna da kalma a kan wannan, wadda ma'anarta jingina ce, watau murya ta jingina a kan numfashi kamar yadda mai gajiya ke jingina da bango. Riƙewar fa a kwiɓi a ke yinta. Wanda ya riƙe iska da maƙogwaro, kamar mai shirin ɗaga buhu, ya koma gidan jiya.

Harshenmu ma yana da nasa haraji. Haruffa irin su h da f da s da sh suna zubar da iska fiye da sauran, don lokacin faɗinsu ƙofa a buɗe ta ke. Dogon wasali kuma, wanda ya raba fari da faari a bakin Bahaushe, dole a ba shi tsawonsa, in ba haka ba ma'ana ta juya, karin waƙa ya karye. Mai rera rubutacciyar waƙa sai ya duba ɗangon da ya tara irin waɗannan, ya tanadar masa iska tun kafin ya isa wurin.

Abin da magabata suka sani

Kada a ce ilmin nan na Turawa ne kaɗai. Makaɗanmu sun san shi a aikace. Dubi tsarin amshi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya kan daɗe ƙwarai yana waƙa a wuri guda, yana ƙago baituka nan take. In ka kasa kunne za ka ji ya kan jefa magana, 'yan amshi su karɓa, kalangu na tafiya. A cikin wannan ɗan tsakani ya ke sake cika rumbu, ya kuma shirya abin da zai faɗa gaba. Amshi ado ne ga waƙa, hutu ne kuma ga mai ja. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ya ke waƙarsa da kuntigi, saboda haka kuntigin ne ke yi masa amshi: ya faɗi ɗango, ya bar tsirkiya ta yi magana, sa'an nan ya komo.

Maƙwabtanmu na can ma haka. Osita Osadebe, mutumin Atani kusa da Anacha, wanda ya rasu a 2007, waƙoƙinsa dogaye ne, amma za ka ji shi a natse kamar mai hira, ba ya kokawa da kayan kiɗa. Rex Lawson na yankin Fatakwal, wanda ya rasu a 1971, mabushin ƙahon Turawa ne kuma mawaƙi, sana'a biyu da duk jarinsu iska ne.

Masu karatun Alƙur'ani da tajwidi kuwa tun tuni an tsara musu wuraren tsayawa, an kuma ƙayyade tsawon kowane ja, wani 2, wani 4, wani har 6. Mai karatu ya san inda zai huta tun bai fara aya ba. Shaihu Abdulbasit na Masar, wanda ya rasu a 1988, ya yi suna a duniya saboda tsawon numfashinsa.

Sai mai algaita, wanda ke busa ba yankewa. Dabararsa ita ce ya tara iska a kumatu, ya riƙa matso ta da kumatun yayin da ya ke shaƙar sabuwa ta hanci. Mawaƙi ba zai iya wannan ba, domin tasa iskar dole ta bi ta maƙogwaro. Shi ya sa tattali ya zama masa tilas.

Horo na minti 10 kowace safiya

Ga abin da na ke sa ɗalibaina su yi. Ba ya bukatar ko kwabo.

Na ɗaya, kwanta rigingine a tabarma, ka ɗora littafi mai ɗan nauyi a kan cibiya. Yi numfashi yadda ka saba. Za ka ga littafin na hawa in ka shaƙa, yana sauka in ka fitar. Haka jariri ke yi, ba wanda ya koya masa. Yi minti 2 kana lura.

Na biyu, miƙe tsaye, ƙafafu a ɗan ware, haɓa ba sama ba ƙasa. Dafa kwiɓinka da hannu biyu, manyan yatsu na baya. Shaƙi iska ba ƙara, har ka ji hannuwanka sun buɗe. In akwai madubi ka duba kafaɗunka, kada su tashi. Numfashin da a ke jin ƙararsa alama ce ta cewa wuya a matse ya ke.

Na uku, fitar da iskar ta tsakanin haƙora, kana cewa sss kamar tayar keke mai ɗan huji, aboki na duba agogo. Sautin ya zama iri ɗaya, kada ya fara da ƙarfi ya ƙare da rawa. Fara da daƙiƙa 10, in ta zauna ka nemi 15, sa'an nan 20. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, kunna kyandir, ka riƙe shi nesa da bakinka kamar taƙi guda. Hura shi yadda harshen wutar zai kwanta amma ba zai mutu ba, ka riƙe shi a kwance iyakar iyawarka.

Na biyar, sami tsinken shan lemo da kofi mai ruwa kaɗan. Sa bakin tsinken cikin ruwan, ka yi ta guɗa mai taushi ta cikinsa, murya na hawa tana sauka, kumfa na tashi daidai wa daida. Masu gyaran murya a asibitoci suna amfani da wannan, don yana sa leɓɓan nan su yi aiki ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba.

Na shida, ɗauki waƙar da za ka koya wa yara, ka sa alama da fensir a duk inda za a shaƙi iska. A sa ta inda magana ta cika, kada a raba kalma biyu, kada kuma a jira sai iska ta ƙare ƙaf. Mai hankali ba ya bari rumbu ya zama wayam kafin ya nemi hatsi.

Wanda ya ji jiri ya tsaya ya zauna. Mai ciwon asma ko ciwon zuciya ya shawarci likita tukuna.

In ka shiga aji

Kada ka ce wa yara su ja numfashi da ƙarfi. Da ka faɗi haka za ka ga kafaɗu 40 sun tashi sama. Ce musu su shaƙi ƙanshin tsire daga nesa, za ka ga iska ta sauka inda ya kamata. Kada kuma ka yi ta ce musu su ƙara ƙarfi, domin yaro ihu zai ba ka. Ce musu su buɗe baki, su fito da kalmomi sarai. Raba su gida biyu, waɗansu na ja waɗansu na amshi, kamar yadda 'yan mata ke yi a dandali, kowa ya sami hutunsa. Ka ɗauko waƙar daga inda muryar yara za ta kai, don tasu ta fi taka tsini.

Kai kanka kuma, kada ka yi gasa da mota. In babbar mota na wucewa, yi shiru ta wuce. In kana son tsit, yi tafi ko ka kaɗa ƙararrawa. Matsa kusa da mai sauraro: a fili, in ka rage rabin tazarar da ke tsakaninku, ƙarfin sautin da ke isa kunnensa ya ninka sau 4, ba tare da ka ƙara komai ba. In makaranta na da lasifika, babu kunya a amfani da ita, amma ita ƙara kurum ta ke yi, ba ta gyara numfashin da ya lalace.

Kiwon murya can da nan

Ƙasashen Kurmi suna da alheri guda ga maƙogwaro, watau laima. Ruwan da a ke yi a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau 2, iskar kuwa ba ta busar da wuya kamar hunturunmu. Abin tsoro a can shi ne hayaƙin motoci da na injin wuta, ga kuma baƙar ƙurar da mutanen Fatakwal suka yi fama da ita daga 2016. A nan Arewa kuwa abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Ko ina ka ke, in ba waƙa ka ke yi ba, yi numfashi ta hanci, don hanci na tace iska yana kuma jiƙa ta.

Sha ruwa a kai a kai tun da safe. Ku sani abin da mutum ya haɗiya ba ya bi ta kan leɓɓan murya, hanyarsa dabam, in da ya bi ta nan da an ƙware. Saboda haka zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, amma ba sa wanke murya nan take kamar yadda a ke zato. Ruwan da ka sha tun ɗazu shi ke aiki yanzu. Taba kuwa babu maƙiyin murya kamarta. Yawan kakari don gyaran murya shi ma bugun leɓɓan ne, gara ka kurɓi ruwa ka haɗiye. In murya ta dushe, maganinta na farko shiru ne, raɗa ma wahalar da ita ta ke yi.

A bakin gadar Anacha akwai babbar kasuwar magunguna da a ke kira Ogbo Ogwu, wadda ta yi suna a ƙasar nan duka. Na sha ganin masu dusasshiyar murya suna neman ƙwayar da za ta buɗe ta kafin wani biki. Ƙwayar da ke kashe zafi ɓoye ciwon ta ke yi, mutum ya ci gaba da ihu a kan rauni. Cire beli wurin wanzami ma ba ya warkar da dushewa, don belin yana can sama, nesa da inda ciwon ya ke. Wanda muryarsa ta yi mako 3 a dushe, ko ya ga jini a kakinsa, ko haɗiya ta yi masa wuya, lalle ya tafi asibiti wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kada ya yi jinkiri.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku da ke kolej yanzu muryoyinku sababbi ne, gabanku kuwa akwai aikin shekara 30 ko fiye. Ina roƙon shugabannin ɗakunan kwana su gwada horon nan da mutanensu na tsawon zango guda, kowa ya rubuta yawan daƙiƙoƙinsa a ranar farko da ranar ƙarshe, a aiko wa Edita da sakamakon mu gani a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya da muryar da za mu yi aiki da ita, amin.